Daga Karambana Zuwa Kawu Gaga: Waiwaye Kan Wasannin Ƙasimu Yero

Duk wanda ya yi zama a unguwannin Nassarawa a farkon shekarun 1980, wato irin su Gwagwarwa da Tudun Wada da Gama da Dakata, ya san yadda yamma take kasancewa in an tashi daga aiki a kamfanonin Bompai. Kekuna ne za ka gani sun cika titi maƙil, ma'aikatan masaƙa da na majema da na kamfanonin alewa da robobi kowa ya nufi gida, waɗansu kuwa sai bayan magariba mota za ta sauke su daga Sharaɗa ko Calawa. A wancan lokaci ba kowane gida ne ke da akwatin talabijin ba. Wanda Allah ya hore wa sai ya fito da ita tsakar gida ko ƙofar shago, mu yara mu zauna a ƙasa, manya su ɗauki benci, ana ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Gidajen haya ne galibi, Bahaushe da Bayarabe da Inyamiri da Batibi duk a tsakar gida ɗaya, saboda haka abin da aka nuna da Hausa da wanda aka nuna da Turanci duk tare ake kallonsu, wanda ya ji ya fassara wa wanda bai ji ba.

A irin wannan zama ne muka fara sanin marigayi Ƙasimu Yero, Allah ya jiƙansa, kuma ta fuska biyu muka san shi. Wata rana ya fito mana a Karambana, a yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wata rana kuma ya fito a matsayin Gaga cikin shirin nan na Turanci mai suna Cock Crow at Dawn, wato carar zakara da asuba, sai ka ji tsakar gida ta yi tsit, mata suna tsaki, tsofaffi suna Allah wadai. Mutum ɗaya ne, murya ɗaya ce, amma ba mu taɓa jin wanda ya yi dariya don ya ga Gaga ba, ko da kuwa jiya-jiyan nan ya sha dariyar Karambana. Wannan abu a ido ƙarami ne. In aka dubi tarihin wasan kwaikwayonmu kuwa, 'yan wasan da suka iya shi ba su da yawa, kuma dalilin ƙarancinsu ya shafe mu marubuta kai tsaye.

Kafin mu zo kansa, ya kamata mu tuna matsayin da Bahaushe ya ajiye mai ban dariya tun asali. Muna da wawan sarki a fada, muna da 'yan kama da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, muna da 'yan gambara, ga kuma tashe da yara ke yi a cikin azumi, ga wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa. Dukkan waɗannan an ba su izinin faɗin abin da wani ba ya iya faɗa, amma izinin da sharaɗi ya zo. Za a saurare ka, za a yi maka kyauta, ba za a ɗauke ka da nauyi ba. Wanda ya saba ba jama'a dariya, ran da ya zo da maganar kuka sai a ce yau kuma da wace ya zo. Wannan gado shi 'yan wasan rediyo da talabijin suka tarar, ba su suka ƙirƙire shi ba.

Rubutaccen wasa kuwa ya bi tasa hanyar ta makaranta. R. M. East ya fitar da wasanni shida na Hausa a 1936, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu wajen ƙarshen mulkin Turawa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar wasa, har Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Sai dai wasannin da suka shiga gidajen talakawa ba waɗannan ba ne. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sa'an nan aka sami tashar talabijin a nan Kano kan titin Bompai a tsakiyar shekarun 1970, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a farkon shekarun 1980, sai ga buƙatar wasa kowane mako ta taso, alhali babu marubutan da za su iya cika wannan rumbu. Abin da aka riƙa yi shi ne mai shiri ya zo da ƙashin labari, a zauna a raba matsayi, a ce kai ne maigida, ke ce uwargida, ga abin da zai faru, sauran magana kuma kowa ya nemo ta daga bakinsa.

Wannan tsari ya haifar da gwanaye, ba ma musu. Ya kuma haifar da wata matsala da har yau ba mu rabu da ita ba. Tun da ɗan wasa shi ke ƙago maganarsa, to abin da ya fi sauƙi gare shi, kuma ya fi aminci ga mai shiri, shi ne ya riƙe hali ɗaya da jama'a suka karɓa ya yi ta juya shi. Da haka sunan wasa ya cinye sunan yanka. Usman Baba Pategi tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, kuma ma'aikacin gidan rediyon Kaduna, amma har ya rasu a watan Nuwamba na 2023 Samanja duniya ta sani. Daudu Galadanci ya zama Kuliya. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, marubuci ne sosai, amma a bakin jama'a Kasagi ne. Haka Karkuzu, haka Ɗanhaki, haka Hankaka. Mai karatu ya gwada tambayar na kusa da shi sunan Karkuzu na gaskiya ya ji amsar da zai samu.

Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, yana cikin 'yan kaɗan da sunansu na yanka ya tsira. Akwai masu ce masa Karambana, mutanen Kudu kuma Gaga suka fi sani, amma ko a wancan lokaci in ya fito sai ka ji an ce ga Ƙasimu Yero nan. Mu a ganinmu wannan ba haɗari ba ne. Jama'a ba su iya laƙaba masa suna ɗaya ba ne domin bai zauna a cikin riga ɗaya ba.

Mu ɗauki Karambana tukuna. Sunan kansa ya gama bayani: mutumin da ke tsoma baki a abin da ba a kasa da shi ba, mai ganin babu abin da ya gagare shi, wanda ba a gayyata ba amma shi ne a gaba. Irin wannan hali yana da sauƙin ɓatawa a hannun ɗan wasa. Da yawa za su ɗauke shi da ihu da zare ido da faɗuwa ƙasa. Abin da muka riƙe game da Ƙasimu shi ne bai cika nuna ya san abin dariya yake yi ba. Karambanansa da gaske yake. Yana bayani da cikakkiyar natsuwa da tsabtatacciyar Hausa irin ta mai ilimi, yana da hujja a kan kowane kuskure, kuma daga wannan yarda da kai ne dariyar ke fitowa, domin mai kallo ya hango ramin tun da nisa, shi kuwa gogan yana tafe yana gyara riga. Duk unguwa akwai irinsa. A kamfani ma akwai shi, wanda zai karɓi sifana daga hannun makaniki ya ce bari ya nuna masa, a wayi gari inji ya tsaya cak.

Shi kuwa Cock Crow at Dawn wani abu ne dabam, kuma labarin yadda aka yi shi ya cancanci a tsaya a kansa. A 1980 aka fara nuna shi, hukumar talabijin ta ƙasa ce ta shirya shi a Jos, bankin UBA ya ɗauki nauyi, Peter Igho na cikin jagororin aikin, Bongos Ikwue kuma ya yi waƙar buɗe shirin. Lokacin gwamnatin Shehu Shagari ce da shirinta na bunƙasa noma, wanda ya biyo bayan shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo na 1976. Kuɗin man fetur sun janye matasa daga gona, ƙasa ta koma sayen shinkafa da alkama daga waje, saboda haka ana son wasan da zai sa mutane su sake sha'awar noma, noman zamani na taki da injina da rancen banki. Labarin na wani magidanci ne, Bello, wanda zaman birni ya ƙi masa, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye. George Menta ne ya fito a Bello, Ene Oloja ta fito a matarsa Zemaye, Sadiq Daba kuma ya fito a Bitrus. An yi kashi 104.

A nan akwai abin da ba mu lura da shi ba sai da muka girma. Mutanen da muke kallon shirin tare da su a tsakar gida, yawancinsu gonar suka baro suka zo Bompai neman albashi. Ga talabijin tana ce musu su koma. Suna kallo suna jin daɗi, da safe su hau keke su tafi masaƙa. Ba a yi shekara goma ba tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙara taɓarɓarewa, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata, waɗansu daga cikin maƙwabtanmu suka bi sawun Bello ba don sun so ba.

Wasan da aka gina don koyarwa yana da ciwo guda, wato kowa a cikinsa yakan zama allon talla: wannan shi ne manomin kirki, wannan shi ne malamin gona, wannan shi ne jahili mai ƙin ci gaba. Gaga a takarda na ukun ne, dattijon ƙauye mai taurin kai da ƙyashi, wanda zuwan Bello da sababbin dabarunsa ya tsone wa ido. Da an ba wani, da ya yi shi dodo ko ya yi shi wawa, mu yi dariya mu wuce. Ƙasimu ya yi shi mutum. Gagansa yana da ƙeta, amma kana ganin inda ƙetar ta samo tushe, domin mutum ne da yake da girma a garinsu kafin baƙin birni su zo, yana kuma ganin girman yana zamewa daga hannunsa. Duk wanda ya taɓa komawa garinsu rabon gado ya san wannan kawun. Shi ya sa aka tsane shi tsana ta gaske, kuma shi ya sa bayan shekaru masu yawa, da aka manta darussan taki da iri, ba a manta Gaga ba.

In aka ajiye Karambana da Gaga gefe da gefe, sai a ga ashe ɗanyen kayan ɗaya ne. Dukansu biyu mutane ne da suka tabbata sun fi kowa sani, ba sa jin shawara, ba sa karɓar laifi. Bambancin shi ne wanda ɓarnar ke faɗa wa. Ta Karambana a kansa take ƙarewa, sai mu yi dariya. Ta Gaga a kan mata da yara da gonar wani take sauka, sai dariya ta ɗauke. Ɗan wasan da ya gane wannan ba ya bukatar sauya fuska ko murya don ya tsallaka daga raha zuwa tashin hankali. Marubucin da ya gane shi kuma ya sami mabuɗi babba, domin yawancin labaranmu na soyayya da muka yi ta bugawa tun daga ƙarshen shekarun 1980 sun raba mutane gida biyu, na kirki da mugaye, sa'an nan a jefo wani yaron gida ko direba ya ba da dariya shafi biyu ya ɓace.

Ba mamaki da aka zo mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna cikin shekarun 1980, ƙarƙashin jagorancin Debrah Ogazuma, Ƙasimu Yero na cikin waɗanda aka nema. Littafin Abubakar Imam shi ne babban misalinmu na rubutun da bai san wannan rabuwa ba. Ginshiƙin labarin na cin amana ne, waziri yana neman hallaka Musa ɗan Sarki Abdurrahman, aku yana jan dare da labarai don ya hana yaron fita. Rai ne a kan gaba. Amma a cikin wannan firgici ne ake ba mu labaran da suka fi kowane ban dariya a adabinmu. Imam ya rubuta haka tun a ƙarshen shekarun 1930. Mu jikokinsa ne muka zo muka gina katanga a tsakani.

Bari mu ɗan leƙa waje, domin akwai ƙasar da ta mayar da wannan tsallake sana'a. Masu zuwa silima a Kano, Plaza ko Orion ko Eldorado, abin da suka sani na Italiya shi ne finafinan kaboyi. Amma a gida Italiyawa suna da wani ɗan wasa, Alberto Sordi, haifaffen birnin Rum a 1920, wanda ya fara da ara wa Oliver Hardy murya a finafinan barkwanci, ya kuma yi suna wajen fitowa a matsayin matsoraci, mai fadanci, mai son banza. A 1959 darakta Mario Monicelli ya haɗa shi da Vittorio Gassman a fim ɗin La grande guerra, wato Babban Yaƙi, suka fito a sojoji biyu ragwaye a yaƙin duniya na farko, kullum suna neman hanyar zillewa. Ana ta dariya har ƙarshe, inda abokan gaba suka kama su, suka nemi su tona asirin rundunarsu, aka harbe su ba su tona ba. A 1977 Monicelli ya sake ɗaukarsa a labarin wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ya kusa ritaya, yana ta fadanci da kamun ƙafa don ɗansa ya sami aiki a ma'aikatarsu. Rabin farko raha ce. Ran jarrabawar ɗaukar aiki harsashin 'yan fashin banki ya sami yaron ya mutu, uban ya farauto wanda ya yi harbin ya ɗaure shi yana gana masa azaba. Sordi bai sauya halin mutumin ba ko kaɗan, duniya ce ta juya masa. Abin lura gare mu shi ne wannan fim daga littafi aka ɗauko shi, na Vincenzo Cerami, wanda ya fito a 1976. Sai da marubuci ya zauna ya haƙa ramin kafin ɗan wasa ya sami inda zai faɗa.

To mu wa ya haƙa wa namu? Da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, marubuta na cikin waɗanda suka ɗora harsashin, har Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Amma da kasuwa ta buɗe, 'yan kasuwar kaset suka zama masu faɗa a ji, sai aka raba finafinai gida biyu da sunaye har a bakin masu sana'ar: na soyayya da waƙa a gefe guda, na barkwanci da ake kira camama a ɗaya gefen, masu arha, waɗanda ake gamawa cikin 'yan kwanaki. Ɗan wasan da ya shiga camama ya shiga ke nan.

Babu wanda wannan rabo ya fi ci kamar marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne, kuma ba mu jin an yi ɗan wasan da talakan Arewa ya so kamarsa. Yana da kunnen jin yadda mutane ke magana, yana iya ɗaukar Bafulatani ko Bagwari ko ɗan sanda ko mawaƙin Kwango ya sa a jikinsa nan take. Amma sunan Ibro aka riƙa liƙa wa kan fim don ya sayu: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko. Ko da ya taɓo manyan al'amura, kamar yadda ya yi da rikicin Amurka da Usama bayan 2001, a cikin rigar wawan sarki ya taɓo su. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai hukunta laifuffukan finafinai a Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Wannan kaɗai labari ne da ya ishi littafi, irin wanda ake fara shi da dariya a ƙare da shiru. Ya rasu ran 10 ga Disamba 2014, bai wuce shekara 43 ba. Duk wanda ya taɓa lura da fuskarsa a 'yan daƙiƙun da yakan yi shiru kafin ya saki magana ya san akwai wani ɗan wasa a ciki da kasuwa ba ta nema ba, mu ma ba mu rubuta masa ba.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasar nan. Sadiq Daba, wanda muka sani yana matashi a Bitrus mai rawar kai, ya jira fiye da shekara talatin kafin Kunle Afolayan ya ba shi matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri a fim ɗin October 1 na 2014, ɗan sandan Arewa da aka tura ƙasar Yarabawa binciken kisan mata ana gab da samun mulkin kai. Tunde Babalola ne ya rubuta labarin. Da wannan matsayi Daba ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta Afirka a 2015, shekara shida kafin rasuwarsa a 2021. Gwanintar tana nan tun 1980, rubutun ne ya makara, kuma da ya zo daga Legas ya zo.

Ƙasimu Yero ya yi sa'ar zamani. Ya yi tashensa lokacin da gidajen talabijin na gwamnati ke da kuɗin ɗaukar 'yan wasa zuwa ƙauye su yi watanni, lokacin da banki ke iya zuba kuɗi a wasan noma, kuma yana da Turanci da Hausa duka a bakinsa, saboda haka ƙofa biyu ta buɗe masa. Da wannan zamani ya wuce, aikin da ya dace da girmansa ya yi ƙaranci. Ya rasu a Kaduna ran 3 ga Satumba 2017 yana da shekara 70. Jaridun Turanci suka yi juyayin Gaga, masu sauraron rediyon Hausa suka yi juyayin Karambana, kamar mutum biyu ne suka rasu rana ɗaya.

Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan ya tsira domin an buga shi littafi, Kulɓa Na Ɓarna ma haka, ɗalibai suna karanta su, malamai suna nazarinsu. Maganganun Karambana kuwa a bakin Ƙasimu aka ƙago su, a iska aka watsa su, sai ɗan abin da ya maƙale a tsofaffin kaset da kuma kawunan waɗanda suka zauna a ƙasa gaban talabijin a Gwagwarwa da Tudun Wada, mafi ƙanƙantarsu kuwa yanzu ya ba hamsin baya ko ya kusa.